Daga Lungu Zuwa Ƙofa

Kowace safiya sai Baba ya koya mini shara. Ni ce shugabar masu share-share da goge-goge a makarantar, mutum biyu ne a ƙarƙashina, makullan sito a wuyana suke rataye. Amma da mun shigo harabar sai ya ja ya tsaya, ya dube ni a sheƙe, ya ce, "Ke ce sabuwar da aka ce za a kawo?"

"Ni ce, Baba."

"To ki buɗe kunnenki da kyau, ni ba na maimaita magana."

Jiya ya maimaita ta, shekaranjiya ma haka. Nakan gyara tsayuwa in saurara, in ma ban gyara ba shi zai gyara mini.

Daga sama ake farawa a sauko ƙasa, in ji shi, don ƙurar silin ba ruwanta da cewa kin riga kin goge tebur. A share tas kafin ruwa ya taɓa daɓe, in ba haka ba taɓo kawai za ki dama. Jan tsumma na banɗaki ne, shuɗi na gilashin taga, kore na tebura da benci, wanda kuwa ya haɗa su a bokiti ɗaya ya nemi wata sana'ar. Sai babbar dokar, wadda yake ɗaga yatsa kafin ya faɗa: mai goge daɓe da mofa daga lungun can ƙarshen ɗaki yake farawa, ya riƙa ja da baya har ya fita ta ƙofa, don kada ya taka aikinsa da ƙafarsa.

Shi ya riƙe wannan aiki kafin ni, tun ina 'yar mitsitsiya har ya yi ritaya. Daga baya mantuwa ta kama shi. Ta fara da ƙananan abubuwa, hula da tabarau, sannan ta ci hanyar gida, ta ci rasuwar Innarmu, har yanzu yakan tambaya ko ta dawo daga kasuwa. A ƙarshe ta zo kaina. Dokar tsumma kuwa tana nan daram, ko ɗaya bai zubar ba. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da nake jin kishin jan tsumman nan kamar in cinna masa wuta.

Da nake zuwa da shi aiki, ba don son raina ba ne. In na bar shi a gida fita yake yi, kuma duk inda ya nufa a makarantar ake tsintarsa. Ana gab da hutu ya shiga wani aji ana tsakiyar darasi, ya ce wa yara su ɗaga ƙafafunsu, ya kama shara a ƙarƙashin benci. Yaran sun ɗaga kuwa, suna ta ƙyalƙyala dariya. Shugabar makaranta ta kira ni ofis, ta ba ni kujera, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce tana ganin girman Baba, amma in an dawo hutu ba zai yiwu ba. Ban yi mata musu ba, gaskiya ta faɗa, na dai fito raina a jagule. Yayana, wanda ke zaune a gari mai nisa, ya ce zai zo ya ɗauke shi ranar ƙarshen hutu, tun da matarsa na gida kullum kuma suna da ɗakin da ba kowa.

Na yarda da tafiyar. Abu ɗaya kawai nake roƙo, kafin mota ta ɗauke shi ya dube ni sau ɗaya ya san ko ni wace ce.

Hutu shi ne lokacin babban aikinmu. Ba na raba mu kowa ya kama gininsa, don na gwada na ga tsiyar abin: wanda ke da benen sama sai ya gama da la'asar, na ƙasa kuwa tun hantsi ya miƙe ƙafa. Jeruwa muke yi, aji bayan aji. Dogo, mai tsani, shi ke shiga farko, ya kakkaɓe yanar gizo-gizo, ya goge fanka da ƙwan lantarki da tagogi. In ya fito sai wadda muke kira Uwar Sabulu ta shiga, ta wanke allo da bango da tebura, ita ce kuma mai banɗakuna da famfuna. Sunan ya bi ta ne don ba ta yarda an yi wanki ba sai kumfa ta kai mata gwiwar hannu. Ni ce ta ƙarshe, daɓe nawa ne. Baba kuwa mukan zaunar da shi a ƙarƙashin bishiya inda muka fito da bencina, mu ba shi koren tsumma. Benci ɗaya yakan goge har azahar, kuma babu bencin da ya kai shi sheƙi a duk makarantar.

Makarantar da ba yara wani irin wuri ne. Rana takan shigo ta tagogin da Dogo ya goge ta kwanta a daɓe, ƙura na yawo a cikin hasken a hankali, ba ta gaggawar sauka. In ka ajiye bokiti a wannan ƙarshen baranda sai ka ji ƙararsa ta je can ƙarshe ta dawo. Ƙamshin sabulu da na alli da na jiƙaƙƙen katako sukan gauraya har mutum ya rasa wace shekara yake ciki. Wani lokaci Baba yakan ɗaga kai daga bencinsa ya ce, "Ji su nan, an fito hutun tara." In kasa kunne. Ba kowa sai kurciya a kan rufi da famfon da ke ɗiga. Amma in na daɗe ina saurare, wallahi nakan ji su ni ma, gudu da ihu can nesa, har da wata 'yar murya da nake zargin tawa ce.

A nan na tashi. Inna takan aiko ni da abincin Baba, ni kuwa ba abin da ke burge ni a duniya kamar daɓen ɗakin taro in ya gama goge shi. Sai in ajiye kwanon, in tuɓe silifas, in kwasa a guje daga wannan bango zuwa wancan. Ƙafata shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da ramin nan na tsakiya, yatsun kuma a warwatse, babban na hagu ya juya baya yana fushi da sauran. Ko na ɓuya a bayan labule, sawun ya riga ya tona ni. Daga nan ya laƙaba mini Agwagwa. Ya yi ta faɗa kamar zai ari baki, ya sake goge ɗakin tun daga lungu, sannan ya zauna mu ci abincin tare.

Na gwada wannan sunan, kada a ce ban gwada ba. Wata safiya na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, ni ce fa Agwagwa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke da girmanki? Agwagwa ai 'yar ficiciya ce, tana gida wajen uwarta. Anjima za ki gan ta da kwano. Ki dai rufe ɗakin taro."

Na nuna masa hotuna, ya ce mutanen suna da kyau. Na rera masa waƙar da yakan yi mini, ya ce in rage surutu a bakin aiki. Uwar Sabulu ta ce in sa hannu a kumatunsa in juyo da fuskarsa ya kalle ni sosai. Na yi, ya ture hannuna ya ce ba ya son raini. Dama Baba bai taɓa zama mai kallon fuska ba. Aikin ya sunkuyar da shi tun yana saurayi, ƙasa yake kallo. Da yana lafiya, in ya shiga ofishin malamai da safe yakan faɗi wanda ya riga kowa zuwa da wanda ya biyo ta bayan famfo, duk daga abin da takalmansu suka bari.

Ɗakin taro muke barin wa ƙarshe, don shi ya fi girma kuma shi ya fi jinkirin bushewa. Ranar ƙarshen hutu Dogo ya gama sama tun da sassafe, Uwar Sabulu ta wanke bango, na share daɓen tas. Na haɗa ruwa a bokiti, na jingine mofa a bakin ƙofa, sai na ji hon. Yaya ne. Jakar Baba tana sito tun safe, na ɗauko na kai masa bakin get.

Mun gaisa, gaisuwar ba ta yi tsawo ba. Na fara jera masa bayani: ba ya shan ruwa sai an miƙa masa, da la'asar yakan rikice, in ya rikice a ba shi tsumma da wani abin gogewa, kore in da hali.

"Tsumma kuma? A gidana?" in ji Yaya. "Ƙanwata, mutumin nan ya yi wa duniya shara iyakar rayuwarsa. Hutawa zai je yi."

"Hutun ne zai kashe shi."

"Ke dai ba ki canja ba, komai sai kin fi kowa sani."

"Na fi ka sanin wannan kam. Yaushe rabonka da ka kwana ɗaki ɗaya da shi?"

Ya kama wasa da makullin mota, ni ma na ji ba daɗi, don ba faɗa na fito yi ba. Muna cikin wannan tsayuwar Dogo ya taho da sauri, tsanin ma bai ajiye ba.

"Anti, Baba ba ya gindin bishiya."

Muka duba sito, muka duba bayan famfo. Uwar Sabulu ce ta hango cewa bokitin da na ajiye ba ya nan, mofa ma babu. Muka nufi ɗakin taro, Yaya na biye da mu.

A bakin ƙofa muka ci birki, mu ukun da muka san aikin. Daɓen ya jiƙe tun daga dokin ƙofa har ƙarshen ɗaki, an goge shi layi bayan layi, kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi, ba a tsallake ko tafin hannu ba. Na yi shekaru ina goge ɗakin nan ban taɓa fitar da shi haka ba. Tagogin duka sun sauko sun kwanta a ciki, da shuɗin sama, da wani farin gajimare yana tafiya a hankali daga wannan bango zuwa wancan. Fankokin silin suna can ƙasa a rataye, kai a juye. Sai na ji kamar in na miƙa ƙafa zan zurma.

Can a lungun ƙarshe, a kan ɗan busasshen wurin da bai fi tabarmar mutum ɗaya ba, Baba ne tsaye da bokiti a gefensa. Ya rungume sandar mofa a ƙirji. Daga ƙofa ya fara, ya yi ta ja da baya har bango ya tare shi.

"Baba, taho mana," in ji Yaya, ya ɗaga ƙafa zai shiga da takalminsa.

"Kada ka taka!"

Muryar Baba ta cika ɗakin, irin ta da, wadda ke sa malamai ma su koma da baya. Yaya ya janye ƙafarsa ba shiri. Sai kuma muryar ta karye. Baba ya dubi daɓen, ya dubi bangon da ke bayansa, ya ce a hankali, "Daga ƙofa na fara. Ni. Daga ƙofa."

Na ga Baba ya manta sunan abinci yana cikin ci, na ga ya sa riga a bai-bai, duk ko a jikinsa. Ban taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ranar. Tausayinsa ya kama ni.

"A bar shi ya bushe, sai ya fito da kansa," Uwar Sabulu ta raɗa mini.

Na san ɗakin nan. Ba wuta balle a kunna fanka, iska kuma ba ta ratsa shi, sai rana ta karkata yake bushewa. Gwiwoyin Baba kuwa tuni sun fara rawa, ina hango su daga inda nake. Ba zai zauna ba, ba zai taka ba, sai dai ya faɗi.

Ban yi wata dabara ba, kada a ba ni hikimar da ba ni da ita. Takalmin roban da ke ƙafata ya kwaso ƙasar bakin get, hannuna ne kawai ya ƙi yarda in shiga da shi. Na tuɓe, na cire safa, na taka.

Sanyin daɓen ya ratsa ni har ƙeya. Na taka taga ta farko, ta watse a ƙarƙashin ƙafata ta sake haɗuwa. Na bi ta cikin gajimaren. Ɗakin ya yi mini tsawo fiye da yadda na san shi, ina jin ƙarar tafin ƙafata ɗaya bayan ɗaya, ina jin ƙamshin sabulun, har na ji kamar da kwano a hannuna da zafinsa.

"Ke! Ke sabuwar nan! Ba ki da ido ne? Ba ki ga an..."

Ya tsaya. Ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo, ƙasa. Na waiwaya. Ga su nan sun jeru tun daga ƙofa, dusu-dusu a kan sheƙin, shimfiɗaɗɗu ba rami a tsakiya, yatsu a warwatse, babban na hagu ya juya wa sauran baya.

Baba ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya har ya iso kan ƙafafuna. Ya daɗe a nan. Sannan ya ɗago a hankali, ya wuce gwiwa, ya wuce makullan da ke wuyana, ya sauke idonsa a cikin nawa.

"Agwagwa," ya ce. "Sau nawa zan gaya miki?"

Hawaye suka zubo mini.

"Dubi abin da kika yi mini. Dubi!" Ya miƙo hannu ya taɓa gefen ɗankwalina inda furfura ta leƙo. "Yaushe kika girma haka ban sani ba?"

"A hankali, Baba."

"Kuka kuma na mene ne? Ai ban dake ki ba. Ina abincin?"

"Yana zuwa."

"To riƙe bokitin. Yanzu sai mun sake shi tun daga farko, ke ko kunya ba kya ji."

Na ɗauki bokitin da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe shi ta ƙugu. Wannan karon daga lungu muka fara. Yana jan mofa dama da hagu, muna ja da baya tare, yana yi mini faɗa. Ya ce na cika rawar kai, ya ce zai haɗa ni da Inna, ya ce da wannan ƙafar tawa ko sata na yi ba sai an kira 'yan sanda ba. Duk faɗan da sunana yake yi. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Amma ina kallon mofar. Duk jan da ya yi sai ta lashe sawu ɗaya. Na so in ce ya bar su, na san kuma ba zai bari ba, aiki ne. Na rage sauri, ya ce in daina jan jiki. Muka wuce tsakiyar ɗaki, muka wuce tagogi, faɗan ya fara raguwa, ya koma gunaguni, daga nan sai ƙarar mofa kawai.

A bakin ƙofa saura ɗaya, na farkon da na taka, na ƙafar hagu. Muka tsallake shi muka tsaya a baranda. Baba ya ɗaga mofa, ya riƙe ta a sama tana ɗiga. Sai ya sauke ta gefe, ya zagaye sawun da ita a hankali.

"Wannan a bar shi," ya ce. "In uwarta ta zo in nuna mata."

Uwarta ya ce, ba uwarki ba. Na ji, na haɗiye.

Yaya ya biyo mu har muka isa mota. Shi ya buɗe wa Baba ƙofa, ya gyara masa kujera. Da zai zagaya wajen tuƙi sai ya tsaya kusa da Dogo, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Koren tsumman nan, akwai wani?" Dogo ya ruga sito ya kawo guda biyu.

Na sunkuya ta tagar mota na ce, "Baba, Allah ya kiyaye hanya."

Ya dube ni da fara'a, irin wadda yake yi wa baƙi. "Yawwa, sabuwar nan. Kina da ƙoƙari, za ki iya aikin. Ki kula da ɗakin taro, akwai sawun 'yata a bakin ƙofa. Kada ki goge."

"Ba zan goge ba, Baba."

Motar ta fita, mai gadi ya mayar da get. Sai a lokacin na lura har yanzu ba takalmi a ƙafata.

Da la'asar daɓen ya bushe. In kana tsaye ba ka ganin komai. Sai na durƙusa na kwantar da kai ta wajen hasken taga, sannan ya fito, ɗan dusu-dusu, da yatsan nan mai fushi. Gobe da safe yara za su shigo taron buɗe makaranta, ta nan kuma za su bi, su da takalmansu. Na sani sarai.

Uwar Sabulu ta zo da mofa a hannu, ta ce ta ga kamar an tsallake wani wuri a bakin ƙofa, bari ta ƙarasa kafin mu rufe.

"Zagaye shi," na ce.

Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta zagaye shi. Na jawo ƙofar a hankali na sa makulli.